Yadda zaka tsallaka mahaɗar rububi irin ta Shibuya, da yadda zaka karanta lissafin danja

Duk wanda yake yawo a TikTok ko Facebook nasan ya taɓa cin karo da bidiyon nan na Tokyo, wanda motoci zasu tsaya cak ta ko'ina lokaci ɗaya sai kaga mutane sun kwararo kan titi kamar an ɓalle dam, wasu su miƙe, wasu su yanka ta tsakiya a karkace, kafin ka ankara titi ya koma wayam motoci sun cigaba da tafiyarsu. Wajen sunansa Shibuya, a bakin tashar jirgin ƙasa yake ta ƙofar da ake kira Hachiko, kuma tun 1973 ake tsallaka shi a haka. Japanawa suna ce masa sukuranburu, daga Turanci suka aro, ni dai mahaɗar rububi nake kiransa don ita ce kalmar da tafi kama da abin. Amma fa rububin a ido ne kawai, a ƙarƙashinsa lissafi ne na sakan sakan wanda injiniya ya zauna ya buga, kuma wanda ya gane lissafin nan to ya huta da gudun tsakiyar titi har abada, ko a Tokyo ko a Landan ko a danjar unguwarsu.

Abu na farko, ka tabbatar irin mahaɗar ce kafin ka jefa ƙafa, don ba kowace mahaɗa mai danja ake yankawa ta tsakiya ba. Ka duba ƙasa. In kaga zanen zebra ko wani fenti ya taso daga kusurwa ya nufi kusurwar da take kallonta ta tsakiyar titi, to an yarda. A Shibuya zane biyar ne, huɗu a gefuna ɗaya a karkace. A Oxford Circus ta Landan, wadda aka buɗe a Nuwamba 2009 bayan an kashe mata kusan fam miliyan 5, hanya biyu ce ta gicciye kamar alamar sau. In ba zane ba allo, kuma fitilar ƴan ƙafa ta gefe ɗaya ce kawai ta kawo kore, to tsakiyar nan ta motoci ce, ka bi gefe kawai.

Sannan kar ka kalli danjar motoci, wlh wannan shine kuskuren da baƙi suka fi yi. Mun saba da cewa in motocin gabanka sun tsaya shikenan sai ka wuce. A mahaɗar rububi zagayen kashi uku ne: motocin titi na ɗaya, motocin titi na biyu, sannan ƴan ƙafa su kaɗai. To motocin gabanka zasu iya tsayawa alhali ba lokacinka bane, an dai ba ɗaya ɓangaren hannu ne kuma masu yin kwana zasu shigo ta kanka da ƙarfinsu saboda a saninsu babu mutum a kan titi a wannan lokacin. Akwai garuruwan da suka sassauta, kamar Toronto a Kanada inda mahaɗar Yonge da Dundas ta zama ta rububi a 2008, can ana barin ƴan ƙafa su tsallaka tare da motocin da suke tafiya ɓangare ɗaya dasu, bayan lokacin rububin kansa. Amma bazaka san wanne tsari kake ciki ba sai ta fitilar da take ɗauke da hoton mutum. Ita ce taka, ita zaka zuba wa ido.

Ita ma fitilar kowace ƙasa da yarenta. A Japan kore ne, sai ya fara ƙyaftawa, sai ja (su shuɗi suke ce wa koren nasu, ao, kar ka ruɗe in kaji). A Amurka farin hoton mutum ne yake fara kawowa, sai hannu mai kalar lemo yana ƙyaftawa yawanci da lamba tana sauka, sai hannun ya tsaya cak. A Landan ɗan koren mutum ne, in ya ɗauke a wurare da yawa sai lambobi su fara ƙirgowa ƙasa kafin jan ya kawo. Duk kalarsu ma'anar ɗaya ce, kuma anan nake so ka tsaya ka fahimta sosai: koren izinin FARA tafiya ne, ba wai shine tsawon lokacin tsallakawa ba. Ƙyaftawar ko ƙirgen kuma na wanda ya riga ya hau titi ne don ya ƙarasa, wanda yake bakin titi an ce masa ya dakata. Mutane da yawa suna ganin koren ya ɗauke da wuri su ce ai danjar ta lalace ko an cuci ƴan ƙafa, alhali haka aka tsara ta. A littafin ƙa'idar alamomin hanya na Amurka sakan 7 ne mafi ƙarancin koren da aka saba bayarwa, har ana iya rage shi zuwa 4 a inda mutane basu da yawa. Sauran lokacin duk na ƙarasawa ne.

To shi lokacin ƙarasawar ta yaya ake samo shi? Faɗin titi ake aunawa a raba da saurin tafiyar mutum. Ingila ta daɗe tana amfani da mita 1.2 a sakan ɗaya. Amurka ma a da ƙafa 4 ne a sakan, kusan daidai da na Ingilan, sai a 2009 suka sauke shi zuwa ƙafa 3.5, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya, saboda sun lura tsofaffi basa kaiwa. Bari mu buga misali tare. Ka ɗauka mahaɗa ce mai faɗin mita 20 ta kowane gefe. In ka miƙe ta gefe mita 20 ne, a saurin 1.2 kusan sakan 17 kenan. In ka yanka ta tsakiya kuwa tafiyar ta koma mita 28 da ƴan kai, don karkatacciyar hanya tana ninka gefe sau 1.4, to sakan 24 kake buƙata. Ka haɗa da sakan 7 na kore ya zama 31. In zagayen danjar gaba ɗaya sakan 90 ne kaga motocin tituna biyu sun tashi da 59 su raba tsakaninsu, a ciki har da ruwan ɗorawa da yake cin sakan 3 zuwa 6 duk juyi, da ɗan sakan ɗaya ko biyu da ake barin ko'ina ja don wanda ya shigo a makare ya fice. Kuma kai ɗan ƙafa in koren nan ya wuce ka sai ka jira sakan 83 kafin ya dawo. Shi yasa mahaɗar rububi take da jira, ba mugunta bace, kuɗin da ake biya kenan don a raba ka da mota mai kwana. Ni a ganina cinikin ya yi, saboda hatsarin bakin danja da yawa a wajen kwanar nan ake yinsa, direba idonsa na kan motar da zata taho ta gefe, ɗan ƙafa kuma ya sakankance tunda an bashi kore.

Nasan babu wanda zai tsaya a bakin titi da tef yana awo, to ga dabarar da nake amfani da ita. Ƙirga layukan mota da zaka ƙetare. Kowane layi faɗinsa mita 3 zuwa 3 da rabi ne, to ka bashi sakan 3 in kai matashi ne mai lafiya, sakan 4 ko 5 in da tsoho ko yaro ko mai juna biyu ko kana jan akwati. Titi mai layi shida sakan 18 kenan gareka, in ta tsakiya zaka yanka ka ƙara rabin hakan, ya zama 27. Sai ka kalli lambar da take ƙirgowa, in bata kai ba kar ma ka fara. Ita karkatacciyar hanyar ni dokata akanta ɗaya ce, in ban kasance a bakin titi lokacin da koren ya kawo ba to bana binta, ko in bi gefe ko in jira zagaye na gaba.

Dokar nan da wuya na koye ta. Akwai shekarar da Kawuna yazo Landan ganin likita akan gwiwarsa, ni nake raka shi ko'ina. Mun fito daga wani kanti da yamma muka iso wata mahaɗa irin wannan, koren ya riga ya kawo mutane sun yi nisa, ni kuma na saba da saurina nace Kawu mu bi ta tsakiya yafi kusa. Yace to ɗana, muje. Muna kaiwa tsakiyar tsakiya, inda babu dakali babu ƙarfe babu abin da zaka raɓa, na ɗaga kai naga lamba tana 6, gabanmu kuma akwai sauran fiye da mita goma. Naji hannunsa ya damƙe damtsena, sandarsa tana ƙwas ƙwas akan kwalta da sauri fiye da yadda ƙafarsa zata iya, baice komai ba sai salati ƙasa ƙasa. Jan ya kawo muna kan titi. Allah ya taimaka direban bas ɗin da yake sahun gaba ya ganmu ya ɗaga mana hannu ya jira. Da muka hau dakali Kawu ya jingina da sandar fitila yana haki ya kai minti biyu, sannan yace min, ɗana, gobe in zamu zo nan mu bi ta gefe ko da sau biyu ne. Har yau in na tuna damƙar nan raina yana ɓaci, don lissafin yana hannuna, gwiwar da muka zo nema wa magani ce ban saka a ciki ba. Daga baya na karanta binciken da masana a jami'ar UCL ta Landan suka fitar a 2012, sun samu cewa mafi yawan waɗanda suka haura shekara 65 a Ingila basa iya tafiyar mita 1.2 a sakan. Wato Kawu ba shi kaɗai bane, danjar ce ba'a auna ta da ƙafar irinsu ba.

Saboda haka in kana tare da babba ka auna saurinsa tun a gida, abu ne mai sauƙi. Ka auna mita 12 a tsakar gida ko a layi, ka kunna agogon waya yayi tafiyarsa ta yau da kullum ba tare da ka azalzale shi ba. In ya cinye a sakan 10 to daidai yake da lissafin danja. In ya kai 15 ko 16 to ka san duk titi mai faɗi sai kun tsaya a sahun farko, kun taka da zarar kore ya kawo, kuma tsakiya ba taku bace. Kai ka tsaya ta ɓangaren da motoci zasu fara tasowa, shi yana ɗaya gefen.

Yanzu shiga cikin taron kansa. A Shibuya lokacin cunkoso ana cewa mutum har 3,000 suna iya tsallakawa a kore ɗaya, kuma da wuya kaga an bangaji juna. Sirrin shine kowa ya san inda ya nufa tun kafin ya taka. Ka zaɓi abu ɗaya a can ƙetare, allo ko ƙofar shago, ka sa shi a gaba, ka riƙe sauri ɗaya. Kar ka kalli idon wanda yake tahowa, in kuka haɗa ido sai ku fara rawar nan ta ni dama kai dama. Ka kalli gefen kafaɗarsa ta inda kake so ka wuce, jikinka da kansa zai gaya masa, shi ma ya kauce. In ka samu wani a gabanka da yake tafiya inda zaka, bi bayansa kawai ya buɗe maka hanya. Abin da yake ɓata tsarin shine tsayawa farat ɗaya ko juyawa baya, yawanci masu ɗaukar hoto ne, mutum ya tsaya a tsakiya ya ɗaga waya sama na bayansa suyi ta cin birki. In hoto kake so ka hau sama, akwai shagon Starbucks a bene da yake kallon mahaɗar, akwai kuma Shibuya Sky a saman dogon ginin da aka buɗe a 2019. Yaro kuma a riƙe shi a wuyan hannu ba a yatsu ba, yatsu suna zamewa. Ranar ruwa ka ƙara kula, zanen zebra fenti ne yana santsi, ga lema ta ko'ina tana tare maka fitila.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: Japan da Ingila ta hagu suke tuƙi. Najeriya ta koma dama tun 1972, Nijar dama can ta dama take, to wuyanmu ya saba da fara duba hagu. A can motar da tafi kusa da kai ta damanka zata ɓullo. Ko kore ya kawo ka ɗan jinkirta sakan ɗaya ka duba dama ka duba hagu, saboda mai keke ko wanda ya so ya ci ruwan ɗorawa. A titunan Landan har rubutawa suke a ƙasa da farin fenti ta inda zaka duba, ka karanta.

Maganar maɓalli kuma, in akwai ka danna, sau ɗaya ya isa. Dannawa sau goma baya sa ta sauri, abin da yake yi shine ya sanar da na'ura akwai mai jira, ita kuma ta saka ka a zagaye na gaba. A tsakiyar gari da rana danjoji da yawa basa ma jiran maɓalli, lokacin ƴan ƙafa yana zuwa da kansa, amma da daddare ko a gefen gari in baka danna ba zaka iya shekara a tsaye. Kuma ka sani ba duk danja ce take da tsayayyen lokaci ba, manyan birane suna da kwamfuta da take ƙirga motoci ta na'urorin da aka binne a kwalta ko kyamara tana ƙara sakan tana ragewa, irin SCOOT na Ingila da SCATS da aka ƙirƙira a Sidni ta Ostareliya, saboda haka jiran da kayi da safe ba lallai ya zama shine na yamma ba. Lokacin ƙarasawa ne dai ba'a taɓa shi a irin mahaɗar nan, tunda faɗin titi baya canjawa. In kana tare da makaho a Ingila ka sa hannunsa a ƙasan akwatin maɓallin, a da yawansu akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini kamar kan kwalba da yake juyawa in kore ya kawo. A Japan kuma sauti ne, kukan tsuntsu iri biyu, kowanne da ɓangaren da yake nufi, ga tubalan nan masu ƙuraje ruwan ɗorawa a ƙasa da Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗa su a Okayama a 1967. Dan Allah kar ka ajiye akwati ko ka tsaya hira akansu, hanyar wani ce.

In kai ne a sitiyari, lokacin rububi babu kwana ko ta wane gefe, ko da a garin da aka saba barin mota tayi kwana a jan wuta kamar yawancin Amurka, ka duba allo zaka ga an hana. Ka tsaya bayan farin layi, kuma kar ka shiga tsakiyar mahaɗa sai kaga akwai wajen da motarka zata fita a gaba, in ba haka ba ja zai kama ka a tsakiya mutane ɗari su zagaye ka, mai keken guragu kuma ya rasa ta inda zai bi. In kore ya kawo maka ka duba tsakiya tukunna, can ne ake samun irin Kawu.

Ba ko'ina tsarin yake dacewa ba, wannan gaskiya ce. Henry Barnes, injiniyan hanya na birnin Denba a Amurka wanda ya yayata shi har ake kiran abin rawar Barnes, shi da bakinsa yace ba shi ya ƙirƙira ba, an riga an gwada a Kansas Siti ta Amurka da Bankuba ta Kanada a shekarun 1940. Ita Denban ma ta cire nata a 2011 da ta sake lissafin danjojinta. Inda ƴan ƙafa suke da yawa sosai kuma motoci masu kwana suke da yawa, kamar bakin tasha ko babbar kasuwa, anan yake biyan kuɗinsa. Inda mutane tsiraru ne kuwa jiran yana yin tsawo har su gaji su fara tsallakawa a ja, kaga an koma gidan jiya. A irin wajen akwai ƙaramin magani da yafi arha, a ba ƴan ƙafa kore sakan 3 zuwa 7 kafin motocin gefensu, su riga su shiga titi direba ya gansu kafin ya karya kan mota.

Duk wannan zaka iya gwada shi a danjar da kake bi kullum. Ka tsaya gefe da agogon waya, ka fara ƙirga daga sanda titi ɗaya ya samu kore har ya sake samu, wannan shine zagaye. Ka maimaita sau uku, safe da rana da yamma, ka rubuta. Sannan ka auna daga sanda motocin gabanka suka tsaya zuwa sanda suka sake tashi, ka cire duk lokacin da masu kwana suke shigowa ta wajen, abin da ya rage shine naka na gaskiya. Ka gwada shi da yawan layukan titin sau sakan 3, sannan sau sakan 5. In na sau 5 bai shiga ba to tsofaffin unguwar da ƴan firamare suna tsallaka titin nan ne da gudu ko da sa'a, kuma yanzu kana da lambobi a takarda da ranaku da lokuta, su zaka kai wa hukumar da take kula da danjar ka nemi a ƙara sakan ɗin da suka rage.